Daminar da Malamai Suka Shiga Gayya

Shekaranjiya ina cikin Keke daga kasuwa zan koma gida unguwar Abbare a nan Jalingo, hadari ya haɗo ta wajen duwatsu, mai Keken kuma ya ƙure rediyo. Wani ɗan siyasa ne ke magana, ban ma tsaya jin sunansa ba. Wai lokaci ya yi da za a yi wa yaran firamaren gwamnati jarrabawa iri ɗaya a rana ɗaya, a gane malamin da ke aiki da wanda ke cin albashi a banza. Matar da ke gefena ta ce, "Gaskiyarsa, a kore su kawai!" Na yi ritaya, babu mai sake gwada ni, amma jikina bai san da wannan ba. Nan take ya koma wata damina, shekara goma sha wani abu da suka wuce, lokacin ina riƙe da aji biyar a wata ƙaramar firamare can bayan Kona.

Ruwan farko bai daɗe da sauka ba hedimastanmu, Malam Buba, ya tara mu a ofishinsa. Bafulatani ne siriri mai sanyin magana, ko faɗa yake yi sai ka ɗauka gaisuwa ce. Ranar kuwa da takarda a hannunsa. Ya karanta mana: ƙarshen zango za a yi wa duk 'yan aji biyar jarrabawa ɗaya, lissafi da Turanci, daga sama za a kawo tambayoyin. Ajin da ya gaza, malaminsa ya kama gabansa. Yaron da bai zo ba kuma sifili za a rubuta masa, a haɗa da makin sauran. Ya naɗe takardar, ya ɗago kai ya dube ni, domin duk makarantar ajin biyar ɗaya ne, kuma nawa ne.

"Malama Saratu," ya ce, "Allah hoynu." Da Fulatanci ke nan, Allah ya sauƙaƙa.

Ba zan yi ƙarya ba, maganar ta samu karɓuwa a gari. Zaɓe na matsowa, kowane ɗan takara so yake a ji shi ya fi kowa zafi a kan malamai. Kuma akwai malaman da suka jawo mana. Na san wanda sai ƙarshen wata ake ganin ƙeyarsa, na san wadda ke tsinke alayyahu a kan teburin aji. Har mijina, Baban Dauda, da ya ji a rediyo cewa ya yi, "Yawwa, yanzu aka zo wurin." Na ce masa, "Baban Dauda, ajina ne fa." Sai ya juya fuska bango. Shekara biyu ke nan ɓarin jikinsa ya shanye, tuƙin mota ya ƙare. Yara huɗu, maganinsa, abincin gidan, duk a kan aikina suke. In aka sallame ni, ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.

Ga inda matsalar take. Yarana talatin da ɗaya ne. Goma sha huɗu daga ƙetaren rafi suke zuwa, 'ya'yan manoman doya da masara. Da rani ba su fashi. Amma da zarar ciyawa ta ɗago kai, sai benci ya zama wayam, duk suna gona. Kowace shekara haka ake yi, ba wanda ya taɓa damuwa, sai kaka su dawo mu ɗora daga inda muka tsaya. Wannan shekarar ce rashin zuwansu ya zama wuƙa a wuyana.

Kuma shekarar ta zo da yunwa. Rumbuna sun yi ƙasa da wuri, sabuwar masara ko goyo ba ta yi ba. Yaran da ke zuwa ma, aljihunsu cike da 'ya'yan kaɗanya, su ne karin kumallo, su ne na rana. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya kai ya fara faɗuwa kan benci. A gidana ma kwaɗon rama da garin rogo ne suka riƙe mu, sai ranar Lahadi in an dawo daga coci a ga tuwo da miya mai ɗan mai.

Ran wata Asabar na ɗaura zani na tsallaka rafin, ruwan ko idon sawu bai rufe ba. Na sami Baba Yohanna a gonarsa. Shi ne babba a ƙetare, shi ke tsara gayya, kuma shi ne mahaifin Rifkatu, yarinyar da ta fi kowa kai a ajina. Hausarsa irin ta mutanenmu ce, mace da namiji duk "ka" ne.

"Malama, ka zo lafiya? Yaya maigida?"

Na zayyana masa komai, har da sifilin. Ya saurara yana goge zufa da bayan hannu, sannan ya nuna mini gonar da haɓa. Ciyawa ta kusa shanye kunyoyin.

"Ka gani da idonka. In na ba ka yara, wa zai noma wannan?"

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Mu za mu noma" ba.

Kai, dariyar da mutumin nan ya yi! Har da dafa fartanya. "Da hannun alli?" Da ya ga ban yi dariya ba sai ya gyara tsayuwa. Ya ce in da gaske nake, to gayya ce na kira, kuma gayya a wurinsu ba wasa ba ce. Wanda aka shiga gonarsa, ranar da mai kira ya neme shi dole ya fito, ko gawa ce kwance a gidan sai wani ya wakilta. Babu mai ɗauke wa mutum wannan nauyin sai wanda ya yi kiran, shi ma sai ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce ya yafe. Wanda ya ƙi fita ba a yafe masa ba, ba mai sake taka gonarsa.

Na ce, "Abin da nake so ke nan, Baba. Mu yi muku noma, ku ba ni yara kullum da safe, ku ba ni su ranar jarrabawa, duka goma sha huɗun."

Ya ce, "Ka kira, mun amsa."

Daɗi na ji a lokacin, wallahi daɗi. Na dawo ina ganin na yi dabarar da ba wanda ya taɓa yi.

Mu biyar ne malaman makarantar, huɗu suka yarda, har da Malam Buba. Ga yadda ranakun suka koma. In tashi da asuba in hura wuta, in yi wa Baban Dauda wanka in juya shi, in dama kunu, in sallami yara. In hau mota zuwa Kona, sauran in taka da ƙafa cikin taɓo. In koyar har ƙarfe ɗaya, ina ta buga tebur don kada su yi barci. Ana tashi mu canza kaya, mu tsallaka. Asabar kuwa tun safe.

Wanda bai taɓa sunkuyawa a gonar doya bayan an ɗauke ruwa ba, bai san zafi ba. Ƙasa na tururi, rana na dukan ƙeya, cinnaka na hawa ƙafa, ga tsoron maciji a kowane dunƙulen ciyawa. Ranar farko tafin hannuna ya yi bororo, rana ta uku ya fashe, na naɗe da tsumma na ci gaba. Da safe alli ma da ƙyar nake riƙewa. Matan ƙetare suna gaba da ni da kunya biyu uku, suna waƙa, suna waiwayowa.

"Malama, ciyawa ake cirewa, ba doya ba!"

"A ba ta sifili!"

Sai a kwashe da dariya, ni ma in yi. Malam Buba ya naɗe wando har gwiwa, ƙafafunsa kamar sillen kara, yana bin kunya a hankali ba ya ɗagowa. In an huta, maza su zagaye tukunyar burkutu, mu da shi a miƙo mana kunu mai tsami wanda ruwa ya fi gari yawa. Na san daga bakin yaransu aka rage aka dama mana shi. Ya kan karɓa da hannu biyu ya ce, "Useko," wato na gode, su kuma su yi ta maimaita kalmar suna tsokanarsa. Muka gama noman farko gida goma sha ɗaya, muka zagayo maimai.

Su ma sun cika alkawari. Benci ya cika. Rifkatu kan zauna a gaba, siririya mai manyan idanu, kafin in gama rubuta lissafi a allo ta ɗaga hannu. Ita nake sa wa ta zauna da masu rauni a gindin mangwaro. Wata rana ta tambaye ni, "Malama, in mun ci, ba za a kore ki ba ko?" Ni ban taɓa gaya wa yara ba. Ashe duk ƙetare an sani.

Duk da haka tsoro bai sake ni ba. Ina cin abinci ina lissafin maki. Ina cikin coci ana wa'azi, ni ina raba jimla da talatin da ɗaya. Na rame har zanina ya riƙa zagaye ni sau biyu. Kullum idona na kan duwatsu, domin mu nan Jalingo mun san halin ruwanmu: ko ba a yi ɗigo a kanka ba, in an yi a kan dutse, zai gangaro ya same ka. Yanzu an yi kwalbati a kan rafin, har Keke na wucewa. A lokacin babu komai sai duwatsun da ake takawa.

Ana gobe jarrabawa, da la'asar, sama ta yi baƙi ƙirin. Aka fara ruwa, aka kwana ana yi, gari ya waye ana yayyafi. Na isa makaranta jiƙe sharkaf. Mai sa ido da aka turo daga gari ya riga ni, yana zaune da ambulan a liƙe a kan cinyarsa. Na leƙa aji na ƙirga. Goma sha bakwai.

"Ƙarfe tara zan buɗe," in ji shi. "Zan iya ƙara rabin awa, bayan haka ba ruwana. Ni ma aike ne, Madam."

Na kwasa da gudu zuwa rafi, Malam Buba na bina da lema. Tun kafin mu iso muke jin rurinsa. Yesu! Rafin da nake tsallakawa ina riƙe da takalmi a hannu ya zama wani abu dabam. Ja wur, yana tafasa, yana tafe da rassa da karan masara da aka tumɓuke daga gonakin mutane. Duwatsun takawa babu alamarsu.

A ɗaya gaɓar kuwa ga su nan tsaye. Yara goma sha huɗu, kowanne ya ƙunshe yunifom ɗinsa a leda ya ɗora a ka. Iyaye mata a baya, maza a gaba. Wani saurayi ya riga ya yi iyo ya ɗaure igiya a jikin bishiya ta ɓangarenmu. Baba Yohanna ya tuɓe riga, yana riƙe da igiyar. Amma ba wanda ya shiga. Duk sun tsaya suna kallona.

Na san abin da suke jira. Kada wani ya ce ban sani ba, na sani sarai.

Malam Buba ya matso kusa da kunnena. "Malama Saratu, ruwan nan ya yi yawa."

Ban amsa ba.

"Ke kika kira gayyar," ya ce a hankali. "Ba za su ji tawa ba."

Kalma biyu ce: na yafe. Na ji ta a kan harshena. Amma abin da ke yawo a kaina shi ne sifili goma sha huɗu. Ko sauran sha bakwai sun cinye duka, ajin ya faɗi. Na ga Baban Dauda kwance yana kallon bango, na ga kaina ina shiga gida da takardar sallama. Na ce a raina, ai maza ne, sun san ruwansu, da ba za su iya ba da ba su ɗaura igiya ba. Haka na yi ta lallashin kaina, bakina a rufe.

Baba Yohanna ya jira iya jira. Sannan ya sunkuya, ya ɗora yaro na farko a wuya, ya shiga.

Ruwan ya kai masa ƙugu, ya kai ƙirji. Yana jan igiya hannu bayan hannu, ruwa na tura shi gefe, yaron ya rungume kansa ya runtse ido. Ya dire shi a gabana, ya juya. Maza uku suka riƙa karɓa-karɓa. Ni kuwa ƙirga nake yi, Allah ya gafarta mini. Biyu. Biyar. Takwas. Kowane yaro ya taka ƙasa, sai in ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Ƙirgar ba ta tsaya ba.

Rifkatu ce ta goma sha ɗaya. Babanta ne ya ɗauko ta, kuma a lokacin ya riga ya yi sawu huɗu, hannuwansa sun gaji. Suna tsakiya wani kututture ya taho yana juyi. Na gan shi, kowa ya gan shi. Ya daki Baba Yohanna a haƙarƙari, su biyun suka nutse. Ya ɗago da hannu ɗaya a igiya, wuyansa babu kowa.

Ihun da Maman Rifkatu ta yi, har yau in na ji mace ta ƙwalla ƙara a unguwa sai ya dawo mini sabo. Ledar yunifom ta wuce a guje. Muka bi gaɓa muna faɗuwa muna tashi cikin taɓo. Allah ya sa akwai wata gora da ruwa ya kwantar a ƙasa kaɗan, nan rassan suka tare ta. Saurayin nan mai iyo ya faɗa, ya kamo ta ta gashi, ya jawo ta ɓangarenmu. Aka kifa ta, aka danna, ta yi ta aman jan ruwa. Da ta buɗe ido na durƙusa na rungume ta ina kuka ina kiran sunan Yesu.

Saura yara uku a ƙetare.

Malam Buba, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya jefar da lema yana ihu, "Ku koma! Don Allah ku koma, ya isa!" Har muryarsa ta dushe. Mazan suka dube shi, sannan suka dubi inda nake. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina shafa bayan Rifkatu, ina ta shafawa, don kada mu haɗa ido. Da na ɗago, na goma sha biyu yana tsakiyar ruwa. Haka aka ƙetaro da su ukun.

Tara da minti ashirin muka shiga aji. Na kwance zanina na sama na naɗe Rifkatu da shi. Na ce ta kwanta a ofis, ta girgiza kai ta miƙa hannu a ba ta fensir. Ta taga nake leƙenta, jikinta na ɓari, tana riƙe hannun rubutun da ɗaya hannun don ya tsaya. Baba Yohanna na zaune a barandar makaranta dafe da haƙarƙari, yana numfashi da ƙyar. Na kai masa ruwan zafi, ya karɓa, ya ce, "Sannu Malama." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ana cikin hutu sakamako ya fito. Ajina ya haye. Rifkatu ce ta ɗaya, da tazara. Da aka koma makaranta wani ɗan siyasa ya zo da motoci da masu ɗaukar hoto, ya yi jawabi a filin makaranta cewa ga amfanin matsa wa malamai lamba, ga 'ya'yan talakawa sun nuna kansu. Ya miƙa mini takardar yabo, aka tafa. Malam Buba bai tafa ba, hannuwansa na baya. Na dubi layin 'yan aji shida ina neman Rifkatu, ba ta ciki.

Sati ɗaya, sati biyu. Ran Asabar na tsallaka. Kaka ta yi, rafin ya koma ɗan siriri, yara na wasa a cikinsa. Na sami Maman Rifkatu a tsakar gida tana tsinke gyaɗa. Ta ba ni kujera, ta kawo ruwa, muka gaisa har da tambayar maigida. Rifkatu na can bakin rumbu tana sussukar masara, ta durƙusa ta gaishe ni daga nesa, ba ta matso ba.

Na ce, "Maman Rifkatu, yarinyar nan ita ce ta ɗaya. Irin kanta ba a barinsa a gida. Ki bar ta ta dawo."

Ba ta daina tsinkar gyaɗar ba. "Malama, mun biya gayya?"

"Kun biya."

"Saura wani abu?"

"Babu."

"To." Ta watsa gyaɗa a kwando. "Ta gama ƙetare ruwa. Ko yanzu da ruwa ya janye, in ta zo bakin rafin nan jikinta rawa yake yi. Ni ma nawa haka." Ta ɗago ta dube ni, ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. "Ranar nan ba ruwa muke kallo ba. Bakinki muke kallo, mu duka."

Na ce, "Mama, ruwan na ruri. Ko na yi magana, da ba za ku ji ba."

"Da kika iso, mun ce miki ina kwana," ta ce. "Kin ce lafiya lau. Mun ji."

Haka aka yi. Na amsa gaisuwar, har da ɗaga hannu.

Ta cika mini kwano da sabuwar gyaɗa ta ce in kai wa maigida, ta raka ni har bakin zaure. Rifkatu ba ta sake zama a aji ba, nawa ko na wani. Ni kuwa na ƙara shekara tara ina koyarwa, ba wanda ya taɓa aikina.